Ƙwan da Na Bari a Tabarmar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya ta farkon damina ba, ko da ma na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga kasuwar Dangora sai an sami wanda zai ɗaga murya ya ce, "Maijego, ya jikin?" Ni kuwa namiji ne, da furfura a gemuna.

Wata dinya ce ta ja min, tsuntsuwar nan mai kama da agwagwa amma ta fi ta girma da dogon wuya. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ce mai kiwon tsuntsaye a gidanmu. Ni nawa gona ce da shanun huɗa. Sa idan ya tsaya, daga tsayuwarsa na san abin da ke damunsa, amma kaza ban san komai nata ba sai na gan ta a cikin miya. Kafin mai ɗakina ta kwanta ciwon ajali, mahaifiyarta ta ba ta wata 'yar dinya tana ƙarama, gashinta rawaya-rawaya. Ta sa mata suna Gimbiya saboda takunta. Bayan rasuwa aka raba kaji da zabi cikin gado, dinyar kuwa na ce a bar min. Ban faɗi dalili ba, babu kuma wanda ya tambaye ni.

Na riƙe ta irin riƙon da nake ganin shi ne gata. Na killace ta a bayan rumbu don kada kare ko babur ya taɓa ta. Safe masara, rana masara, yamma ragowar tuwo har da miyarsa. (Ƙosai ma na taɓa sayo mata. Ta dubi ƙosan, ta dube ni, ta juya.) Ciyawa kuwa ban bar ta ta fita ta ci ba, a ganina ciyawa abincin marar galihu ce.

Da ta girma sai ta fara wasu abubuwa. Ta riƙa tsattsagar bangon ɗaki inda aka shafa farar ƙasa, har ta yi masa rami. Ta riƙa ɗaukar karmami da baki tana jefawa bayanta kamar mai aljanu. Cikinta ya sauko, tana tafiya a tale, ta nemi lungu ta lafe. Ranar da ta juya wa masara baya gabana ya faɗi. Mai ɗakina ma da ƙin abinci ta fara. Tun daga lokacin, duk mai rai da ya ture kwano a gidana, hankalina ba ya kwanciya.

Maƙwabcina ya ce ɓawon maɗaci, na jiƙa mata. Wani ya ce barkono a ruwan sha, na daka. Wani ya ce in fasa kafso in zuba, na fasa. Abin da na samu kawai shi ne cizo a cinya, kuma cizon dinya ba na wasa ba ne, kamawa take yi ta murɗa.

Sai na yanke shawarar in kai ta Kwanar Dangora wurin mai sayar da maganin dabbobi. Na sa ta a kwando, ta yi ta dukan kwandon da fukafukai kamar za ta karye. Na tsaya ina tunani, sai na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko zanin da mai ɗakina ke ɗaurawa idan za ta zuba wa tsuntsayenta dusa. Ban san ko ta gane shi ba ne, amma ina lulluɓe ta ta yi lamo. Na ɗaure ta a cikina kamar goyon da ya zame zuwa gaba, na bar wutsiyar a waje ta ƙasa don kada ta ɓata zanin. Sannan na zumbula babbar riga a kai, don ba na so a ga magidanci da goyon tsuntsuwa. Na hau babur.

Abu biyu damuwa ta mantar da ni. Hanyar nan ta ƙofar gidan surukaina take bi, kuma ranar ce sunan ɗan Habu, ƙanin mai ɗakina. Ina shan kwana na hango tabarmi a shimfiɗe, dattawa jere, farantin goro da dabino na zagayawa, Baba surukina yana tsakiya. Duk wanda ya san kunya ya san ba a wuce suruki a kan babur. Na kashe mashin, na cire takalma tun daga nesa, na tako ina rungume da ciki, na tsuguna a gefen tabarmarsa.

"Barka da asuba, Baba. Barka da arziki, Allah ya raya."

"Amin, amin. Ya yaran? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Baba."

Tun rasuwar 'yarsa Baba ya rage magana da kowa, amma ni idan na zo sai ya ja gaisuwa, kamar ba ya son in tashi. Ya tambayi ruwa a wajenmu. Ya tambayi ko na yi shuka. Ya tambayi shanun ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa, sai na ji Gimbiya ta fara yunƙuri a jikina, tana makyarkyata tana miƙe ƙafa. Na ce a raina shi ke nan, a nan za ta cika, a gaban mutane.

Liman ya dube ni ya ce, "Malam, ai jiki ya yi kyau, har da tumbi."

Na ce, "Alhamdu lillahi." (Me zan ce?)

Aka ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu biyu, ni ɗaya na ɗaga, ɗayan yana tallafe da tumbin. Ana tsakiyar addu'a Gimbiya ta yi wani nishi mai kauri daga ƙarƙashin riga. Dattijon da ke kusa da ni ya ɗan matsa gefe, cikin mutunci, bai ko kalle ni ba. Sai na ji ta yi wani yunƙuri babba, sannan jikinta ya saki gaba ɗaya. Na rufe ido na yi salati, na tabbata ta tafi.

Ana shafawa na miƙe da sauri don in gudu da gawarta, na ja da baya kamar yadda ake barin gaban manya. Ai kuwa daidai inda na tsuguna, a kan tabarmar surukina, ga ƙwai nan fari fat, ƙato, yana sheƙi da danshi.

Liman ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ikon Allah."

Habu ne ya fasa. Dama wasa ne tsakanina da shi, kuma bai taɓa raga min ba. Ya taso yana tafa hannu. "Yaya! Ashe tare kuke naƙuda da amaryata ba ka faɗa ba? Barka da sauka lafiya! Jama'a, a ƙaro rago, suna biyu ne!"

Kafin in buɗe baki, Gimbiya ta zuro dogon wuyanta ta wuyan rigata, kanta daidai haɓata, ta dubi taron, ta kurma ihu. Wani tsoho ya faɗi a kan farantin goro. Wani yana share hawaye yana cewa, "To, ga uwar ta fito, a daina zargin bawan Allah."

Baba kaɗai bai yi dariya ba. Rigata ta ɗage, bakin zanin ya leƙo, kuma na ga idonsa ya sauka a kai. Ya san zanin. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwan, ya riƙe shi a tafinsa da ɗuminsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har da hawaye, ban kuma tsaya bambance hawayen ba. Ya ce, "Habu, kai wa uwarka. Ka ce dinyar 'yarta ta girma."

Aka kira ni soro. Inna surukata tana bayan ƙyaure, ni ina tsugune kaina a ƙasa, Habu a tsakani yana danne dariya. Ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba, ranar ma ba ta fara ba.

"Habu, tambaye shi me yake ba ta."

"Masara da tuwo, Inna," na amsa wa ƙasa.

"Habu, ce masa ba ragon layya ba ce. Kitse ne ya sa ta sha wuya. Ya sake ta da safe ta ci ɗanyar ciyawa, ita ce abincinta. Ya dama mata dusa da ɗan ƙuli-ƙuli. Ɓawon ƙwan nan bai yi ƙwari ba, shi ya sa take cin bango. Ya gasa ɓawon ƙwai ko katantanwa ya daka ya barbaɗa mata. Ruwa kuma a kwano mai zurfi, yadda za ta nutsa kanta duka."

"Inna, har maɗaci da barkono ya ba ta," in ji Habu munafuki.

"Innalillahi! Ce masa ya zubar. Ya tara mata busasshiyar ciyawa a lungu mai inuwa, ya daina leƙa ta." Sai muryarta ta yi ƙasa. "Zanin kuma ya wanke ya adana wa 'yar da marigayiya ta bari."

Ban ƙarasa Kwanar Dangora ba. Na koma gida da tumbina, Habu na bina a nasa babur ɗauke da namijin dinya da Inna ta ba ni aro. Yanzu haka Gimbiya na tafe gaba, 'ya'yanta na biye zuwa bakin fadama, tana irin takun nan da ya sa aka raɗa mata suna.

Na koyi cewa ba duk mai ture kwano ba ne yake shirin tafiya. Na kuma koyi wani abu da ya fi amfanar magidanci yau da gobe: ko ba na ɗauke da komai, idan na gaida surukina, ba na miƙewa sai na leƙa tabarma tukuna.