Yadda Na Rubuta Sunan Alhaji a Kofin Takarda

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan abokina Sagir a Ketare ba, kuma ko na so in manta, mutanen Ketare ba su da niyyar bari.

Ni malamin gona ne a Ƙanƙara. Shekarun baya aka tura mu kwas na mako uku a Malesiya, kan yadda ake adana hatsi. Mako uku ne cak, amma da na dawo sai ka rantse can aka binne cibiyata. Ba na buɗe baki sai na ce "ai a can Malesiya". Ko ruwa aka miƙo mini a moɗa sai na yi bayanin yadda ake shansa a can.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne yunwar da na sha a ƙasar nan. Da sassafe shinkafa za a dire maka, an dafa ta da madarar kwakwa, an barbaɗa wasu mitsi-mitsin kifaye masu zare maka ido, an naɗe a ganyen ayaba. Miyarsu da sukari. Shayi kuwa da sanyinsa suke sha, a cikin leda mai igiya, mutum ya rataya a hannun babur ya wuce. Ƙuli-ƙuli da yajin da Inna ta cusa mini a jaka (wanda na yi ta mita a kai, wai za ta ba ni kunya a filin jirgi) su suka riƙe ni da rai.

Abu ɗaya ne ya tafi da imanina: wani shagon gahawa kusa da masaukinmu. Kana shiga za a tambayi sunanka, a rubuta a jikin kofin takarda mai murfi da ɗan rami na kurɓa, a saka masa wata 'yar riga ta kwali don kada ya ƙona ka. In an gama haɗawa sai yarinyar da ke aiki a shagon ta ɗaga kofin ta kira sunanka a gaban kowa. Ba ta taɓa faɗin nawa daidai ba, gahawar kuma ɗaci gare ta har cikin kunne, amma kullum sai na je. Ni da na tashi muna zagaye kwano ɗaya mu shida, ga abin sha nawa ni kaɗai, har da sunana a jiki.

To, a lokacin ina neman Hindatu, ƙanwar Sagir. Ita ta amince, amma mahaifinsu, wanda duk Ketare ke kira Alhaji Babba, bai ce in turo magabatana ba, bai kuma ce a'a ba. Wata takwas ina zuwa gaisuwa ina durƙusawa, shi kuma yana amsawa da "madalla" yana ci gaba da jan carbi. Da matar Sagir ta haihu, sai Sagir ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji ya ce ranar suna zai duba hankalinka. Ka natsu, don Allah."

Da mai hankali aka gaya wa haka, da ya zo ya shimfiɗa tabarmi ya koma gefe ya yi shiru. Ni sai na ce a bar mini abin karyawar maza.

Na yi sautun kofuna sittin daga Kano, da murafensu da rigunansu. Na fito da garin gahawar da na zo da shi, wanda nake ta tattali kamar turaren ango. Na aika cikin gidan Alhaji cewa a dakata da koko, yau za a ga sabon abu. Hindatu ta kira ni a waya ta ce, "Kai dai ka tabbata?" Na ce mata ai a can Malesiya haka ake yi.

Saura sunaye. Nan ne aikina ya cuce ni. A ofis ina da rajistar manoman Ketare da muke rabon taki da iri da ita, kuma sunayen da ke ciki na yanka ne, irin wanda ke kan katin ɗan ƙasa. Na zauna na kwafe su ɗaya bayan ɗaya a jikin kofuna da baƙin alƙalami mai kauri, ina yaba kyan rubutuna. Kada ka ce ban san al'ada ba. Ni kaina har yau ban taɓa furta sunan mahaifina ba. Sai dai a wajen rabon taki haka muke ƙwala kiran sunaye daga rajista, ba wanda ke jin haushi, don kowa ya san aikin hukuma ne. Ban tsaya na tuna cewa ƙofar gidan Alhaji ba ofis ba ce.

Ranar suna aka taru bayan fitowar rana. Dattawa suka cika tabarmi, Liman ya raɗa wa yaro suna, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Sagir ya zagaya baya wajen yankan rago. Ni kuwa na ja teburina gaba, cikin sabuwar shadda ruwan ƙasa, na jera kofuna, na tsiyaya, na rufe. Na ɗaga na farko kamar yadda yarinyar nan ke yi.

"Ilyasu Mamman."

Ba wanda ya motsa. Can wani tsoho da kowa ke ce wa Baba Dogo, wanda ya kusa jika da ni, ya ɗaga hannu a hankali kamar ɗan firamare. Aka fara ƙus-ƙus. Ni a zatona mamakin tsarin suke yi. Na kira na biyu, na kira na uku. Ƙus-ƙus ya ƙaru, ni kuma kaina ya ƙara girma. Sai na ce bari in karrama mai gida, na zaro nasa, na gyara murya.

"Abdulmumini."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka bai ji ba ne, sai na ƙara ɗaga murya, na haɗa masa har da sunan mahaifinsa.

Alhaji Babba ya waiga bayansa. Ya daɗe yana kallon bangon zaure, inda babu kowa, sannan ya juyo ya dube ni. A daidai nan hankalina ya dawo jikina, duka a lokaci ɗaya. Ga ni tsaye, hannu a sama, riƙe da kofi, na kira uban yarinyar da nake so da sunan yanka sau biyu a gaban 'ya'yansa da surukansa da Liman. Na so in sauke hannun, ya ƙi saukuwa.

Sagir ne ya taho da gudu, hannunsa da jinin rago, ya karɓe kofin ya durƙusa ya ajiye gaban mahaifinsa. Sauran ya rarraba su da hannu ba tare da ya kira kowa ba. Ramin kurɓar nan da nake alfahari da shi ba wanda ya kula shi. Kowane dattijo sai ya ɓalle murfin ya leƙa, don a Ketare ba a shan abin da ido bai gani ba. Baba Dogo ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce, "Wanga jiƙon na shawara ne ko na basir?" Wani ya ce ko na mene ne, da ganin ɗacinsa zai yi aiki. Ba a jima ba aka turo manyan robobin koko da ƙosai daga cikin gida (ashe Hajiya, mahaifiyar Hindatu, ba ta dakata da komai ba, ta san irina), jama'a suka zagaye su biyar-biyar, rai ya dawo wurin.

Ina shirin sulalewa sai na ji Liman yana cewa, "Malamin gona, zo nan." Yana riƙe da wani kofi da ya tsinta a ƙasa. Ya juyo mini da rubutuna: Abdurrahman.

"Can inda ka je, in an gama sha mi ake yi da su?"

Na ce, "Zubarwa ake yi, Malam."

"To nan akwai Abdullahi, akwai Muhammadu, akwai Abdul'aziz. Sunan Allah da na Manzonsa ne ka watsa a ƙasa ana takawa. Ka tsince su duka, ka ƙona a wuri mai tsabta."

Haka na duƙa, da sabuwar shaddata, ina bin tsakanin ƙafafun mutane ina "gafara dai, Baba". Na ciro uku a kwata. Ɗaya sai da na yi kokawa da akuya a kansa, ta tafi da rigar kwalin, na tsira da sunan. Mata suna leƙe ta saman katanga, kuma na ji dariyar Hindatu a ciki, don ko cikin dubu na san ta. Na ƙirga hamsin da tara. Na nemi na sittin har na gaji.

Yana hannun Alhaji. Bayan an watse ya sa aka kira ni zaure, na shiga na zube tun daga bakin ƙofa. Yana ta jujjuya kofin, bai sha ko kurɓi ɗaya ba. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Ka san mi ya sa na waiga?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Gyatumata kaɗai ke kirana da wanga suna. Shekara talatin ke nan da rasuwarta. Da na ji, na ɗauka ita ce."

Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba. Kunyar da na ji a waje ta dariya ce, wannan kuwa har cikin ƙashi na ji ta. Can ya tura kofin cikin aljihun babbar rigarsa ya ce, "Hankali dai ba ka da shi. Amma na ga yadda ka duƙa ka tsince ɓarnarka ba ka yi musu ba. Ka turo manyanka ranar Juma'a. Kuma in an zo ɗaurin aure, koko za a sha."

Abin da na koya shi ne, in ka ga abin burgewa a ƙasar mutane, ka ɗauki hotonsa ka baro shi can. Da Allah ya ba mu ɗan fari, sunan Alhaji aka sa masa. Hindatu tana ce masa Abba, kakanninsa suna ce masa Abba, ni ma dole Abba nake cewa. Ni da na ƙwala sunan nan sau biyu a gaban duk Ketare, yau ga shi yana yawo a tsakar gidana ba wando, kuma ban isa in faɗe shi ba.