Yadda Ake Zama Babban Likita a Tsaskiya Bayan Kallo a Ingila

Kai ɗalibin likita da gwamnati ta tura asibitin Ingila sanin makamar aiki, sannu da dawowa. Ni da kai mun san abin da ka yi a can: ka tsaya bayan manya kana leƙe, ka yi wa ɗan roba allura, ka suma ranar da aka shiga tiyata. Garinku Tsaskiya kuwa ya riga ya raɗa maka Likita. Bi matakan nan, sunan ba zai faɗi ba ko da wasa.

1. Shigar gari. Sauko daga motar kasuwar Batsari da kwat, ko da rana na dafa ƙwai. Rataya abin sauraron ƙirji a wuya har wurin cin tuwo.

2. Duba marar lafiya. Yi yadda manyanka na can suke yi: ɗaure fuska, ka ce "Hmm." Iyakar abin da ka koya ke nan, kada ka yi rowarsa. In Armaya'u mai shanu ya ce, "Likita, ba a tsira mani allura?" ce da shi allurarka na tafe a jirgin ruwa.

3. Labari. Kowa ya tambayi maganin ciwon shawara, ba shi labarin ƙanƙara. Ba a taɓa ƙure mai labarin ƙanƙara a ƙasar Safana ba.

4. Haramtacciyar kalma. A can an koya maka cewa "ban sani ba." Bar ta a can, ba ta jure zafinmu.

5. Ranar ƙure. Ga inda ɗalibaina ke ba ni kunya. Inno, kakarka da ta goye ka, za ta kwanta da ciwon ciki, a cika zaure. Za ta ce, "A kira mani jikana, mi zan yi da wani?" Tsoro zai kama ka. Daure, ka yi "Hmm" ɗinka. Wani ɗalibina, Uwaisu, kuka ya fashe da shi a gaban jama'a, ya ce bai sani ba, ya goya tasa kakar zuwa bakin hanya, sai asibitin birnin Katsina. Wahalata duk ta tashi a banza.

Gargaɗi: Abin da ya biyo baya ba ruwana. Tsohuwar ta dawo da ɗinki a ciki, tana bin gidan suna da na biki tana cewa, "Jikana ya fi ƙarfin yanka da hannunshi. Yaranshi na Katsina ya sa suka yi." Wannan ƙaryar ba ni na koyar ba, ta kuma fi tawa tsari.