Kwalaben Katangar Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen ƙungiyar ƙwallon yaran unguwarmu a Chaza ba, ko da kuwa ina so in manta. Ɗana Sadik shekararsa tara, kuma ƙwallo ce rayuwarsa. Filin da suke bugawa a bayan gidanmu yake. Duk wata iyaye kan biya kuɗin ƙungiya daidai wa daida, sai ga kocinsu Malam Bitrus (malamin firamare ne, kyauta yake koya musu) ya aiko cewa za a ninka kuɗin, wai ƙwallaye na yawan fashewa.

Ni da nake suyar awara a ƙofar gida, ninkin nan ya fi ƙarfina. In ban biya ba Sadik zai koma kallo daga gefe. Kwana uku ina tsara abin da zan faɗa, har ina gwadawa a gaban kasko.

Ranar taron aka baje a gindin mangwaron da ke bakin filin. Wani ya ce masu aiki a Abuja su fi kowa biya, su kuma suka ce kuɗin mota ya cinye albashin. Maman Blessing mai 'ya'ya uku a ƙungiyar ta nemi a yi mata ragi. Sai na miƙe da goyo a bayana, na ce adalci shi ne wanda ya jawo fashewar ƙwallo shi zai biya, a daina ɗora wa talakawa. (A zuciyata ɗan Alhajin layinmu nake nufi, na daɗe ina lura da takalminsa mai haƙora.) Aka tafa mini. Ni da ban taɓa magana a taro ba, daɗi ya kwashe ni, na ce ko waye a faɗi sunansa yanzu.

Malam Bitrus ya sosa ƙeya. "Maman Sadik, a bar maganar nan mana."

Na ce wallahi ba za a bari ba.

Ya jawo wani buhu ya zazzage. Ƙwallaye duk sun sace, kowacce da yanka a cikinta. Ya zaro ɓallin koriyar kwalba daga ɗaya, ya juya a hankali ya nuna katanga. Katangarmu.

Bara da aka sace janaretan maƙwabcinmu, ni na hana Baban Sadik sakat sai da ya jera fasassun kwalabe a kanta. Ni da kaina na bi gida-gida na tattaro su. Nakan ji wani "fusss" a bayan gida da yamma, ina zaton mai facin taya ne.

Maman Blessing ta karɓi ɓallin ta juya shi. "Wannan koriyar ai ni na ba ki," in ji ta. "To ni ma zan biya ke nan?"

Dariyar da aka yi har goyona ta farka ta shiga tsala kuka. Na zauna ina jijjiga ta, ina gode mata a raina da ta ba ni abin kallo ban da fuskokin mutane.

Asabar ɗin nan Baban Sadik ya hau tsani ya kankare kwalaben, yana kankarewa yana maimaita jawabina. Kuɗin ƙungiya ya koma yadda yake, Sadik yana nan yana bugawa, ni kuma wata biyu yaran na cin awara kyauta bayan atisaye. Har yau suna kirana Maman Kwalba.

Ban daina neman adalci a taro ba. Amma yanzu kafin in ɗaga hannu, sai na fara zagayawa bayan gidana na duba.