Mai Makullin Ɗakin Fayil

Ranar Talata makulli ya karye a hannun Malam Ubaidullah, a gaban sakatare da mutum wajen ashirin. Rabi ya maƙale cikin kwaɗo, rabi ya rage masa a yatsu. Ya dube shi, ya ce ƙarfen zamani ba shi da kirki. Makullin kuwa ya girmi 'yarsa ta fari.

Duk Wudil ba a yi ma'aikaci kamarsa ba. Shekara goma sha tara yana riƙe da ɗakin fayil na wani ofishin ƙaramar hukuma, ba a taɓa cewa takarda ta ɓata ba, don ba a taɓa ganin takarda ta fita ba. A unguwa Na-Kwaɗo ake kiransa. Makullin na rataye a ƙugunsa har masallaci, in ya yi ruku'u sai sahu na uku ya ji ƙara. Ko hanyar banɗakin ofis ka tambaye shi, sai ya rage murya ya ce sirrin gwamnati ne.

Sai ga batun doka, wai yanzu kowa na iya neman ganin takardun hukuma, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Malam ya yi wa majalisar mai shayi bayani cewa doka ce mai kyau, amma an yi ta ne don mutanen Abuja.

Ba a gaya wa Safara'u haka ba. Mai koko ce daga Darki, mijinta ya rasu ya bar mata rumfa a kasuwa. Wani Isyaku ya taso ya ce rumfar tasa ce, shaidarsa na cikin fayil, ta kwashe ƙorai kafin ƙarshen wata. Ta sa aka rubuta mata takarda, ta kai ofis.

Ranar farko Malam ya ce tawadar ba ta hukuma ba ce. Ta biyu yana taro. Ta uku yana hutun gajiyar taro. Ta huɗu ya yi mata lacca a tsaye.

"Baiwar Allah, fayil ba kwanon koko ba ne da za a buɗe don wani ya leƙa. Digiri ma ba ya shiga ɗakin nan, bare ludayi."

Ta ce to, Malam. Kullum sai ta dawo ta shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofa, har sakatare ya gaji da tsallake ta. Rana ta bakwai sakataren ya ce a buɗe ɗakin, makulli ya yi abin da ya yi.

Aka kira Sabo mai walda ya yanke kwaɗon. Ƙofa ta buɗe da ƙyar. Gara ta gina gida tun daga ƙasa har rufi, da ɗakuna da soro. Abin da ya rage na fayil sai igiyoyin ɗauri. Isyaku ya yi ta tono da sanda, bai samu ko harafi ba.

Sakatare ya ce tunda babu takardar kowa, wadda ke cikin rumfa ta ci gaba da zamanta. Sannan ya juyo, ya tambayi Malam abin da yake tsarewa duk shekarun nan.

Malam Ubaidullah ya gyara hula, ya kaɗe ƙasa daga hannun riga.

"Ranka ya daɗe, sirri aka ba ni, kuma bai fita ba. Gara ai ba ta iya karatu ba."