Ko Ɗan Goye Ya Iya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da kakar da na koyar da ajin manya a Kiru ba, ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Na fito daga makarantar Midil, ga alli a hannu, kaina ya yi girman kabewa.

Ina da wata magana da ta kama mini baki. Duk wanda ya yi kuskure sai in ce, "Haba, ai ko ɗan goye ya iya wannan!" (Ni a ganina ƙarfafa gwiwa nake yi.) Dattawa masu furfura ne a gabana, suna maimaita duk abin da na faɗa.

Cikinsu har da Malam Inusa, uban Hajara da nake nema, wanda har lokacin bai ce ya ba ni ba. Ran nan ya rubuta b a wurin d. Bakina ya riga hankalina.

"Haba Baba, ko ɗan goye ya iya!"

Ya dube ni, ya ajiye fensir. Ni kuwa na ci gaba da darasi, wai na burge suruki.

Ranar Asabar aka kira gayyar yankan dawa a gonarsa. Na je da farar riga (ku ji fa), na tarar da 'yan ajina kaf. Malam Inusa ya nuna mini tarin zangarniya.

"Malam, ɗaure mana dami ɗaya."

Ban taɓa ɗaurawa ba, amma na ce to. Na tattara, na ja igiya, na yi wani ƙulli da ni kaina ban san sunansa ba. Aka ɗora mini a ka. Taku uku na yi damin ya tarwatse, dawa ta rufe ni har wuya, ƙaiƙayi ya cika rigar. Daidai lokacin Hajara ta iso da ƙwaryar fura.

Tsohon ya gyara murya. "Haba Malam, ai ko ɗan goye ya iya."

'Yan aji suka amsa baki ɗaya, yadda na koya musu: "Ko ɗan goye ya iya!"

Wallahi kunya ta kusa kashe ni. Sai da dariya ta lafa ya durƙusa ya nuna mini a hankali, kai nan, gindi nan, har sau huɗu, bai ƙosa ba. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Ya ba ni Hajara, garin kuma ya ba ni suna, Malam Ɗan Goye. Tun ranar na daina auna wahalar abu da kan wanda ya riga ya iya.

Da muka haihu, na sha leƙa yaron a bayan uwarsa. Bai san b ba, bai san d ba, dami kuwa ba a magana. Ashe duk shekarar nan ƙarya nake yi wa 'yan goye.