Ranar da Ƙofar Lurwanu Ta Tsare Surukinsa

Akwai wani abokinmu a Kaduna, Lurwanu, wanda tun da ya tare a sabon gidansa muka rasa sakat. Ya sa an haɗa masa komai da wayarsa: fitila, fanka, esi, labule, har ƙofar falo. Ga wata 'yar na'ura kamar gwangwanin madara a kan tebur, ka yi mata magana ta amsa da muryar mace. In ka je gidan, ko ruwa ba za a ba ka ba sai ka zauna ka kalli labule ya buɗe ya rufe, ka kuma yaba. Mu da har yanzu muke danna makunni da yatsa, kallon masu aci-balbal yake mana.

To, ran wata Juma'a sai ga surukinsa, Malam Ɗayyabu, mahaifin matarsa Saude, ya iso daga Malumfashi. Dattijo ne mai kunya, bai taɓa taka gidan 'yarsa ba. Ɗaurin auren 'yar ƙaninsa ya kawo shi, shi ne waliyyi, kuma da an idar da salla za a ɗaura. Da ƙyar aka shawo kansa ya biyo ya sa wa gidan albarka.

Lurwanu ya durƙusa ya gaishe shi, bai gama miƙewa ba ya fara baje koli. Ya ce fitila ta kunnu, ta kunnu. Ya ce labule ya rufe, ya rufe. Malam dai madalla kawai yake cewa. Don a ga tsaro kuma, sai gogan ya ba ƙofa umarnin ta kulle kanta. Ta kulle ƙam.

Ana cikin haka aka yi kiran salla. Malam ya tattara babbar riga ya miƙe. Lurwanu ya gyara murya ya ce ƙofa ta buɗe. Na'ura ta ce ba ta gane ba. Ya sake faɗa da Turanci, yana maƙale murya ta hanci kamar wanda aka haifa a Landan, sai ta ƙara sanyin esi. Ya daka mata tsawa, ta saki kiɗa. A gaban suruki! Saude ta rufe fuska da mayafi ta shige kicin.

Ya duba waya, ta ce ƙofa tana sabunta manhajarta, a dakata. Ya kira injiniyan da ya haɗa kayan, shi kuma ya ba shi maganin da suke ba kowa: a kashe a sake kunnawa. Ya kashe ya kunna, aikin ya koma daga farko. Da ya sake kira, wayar injiniya a kashe, bawan Allah ya tafi masallaci abinsa.

Malam ya tambaya a hankali ko ƙofar ba ta da makulli irin na mutane. Lurwanu ya ce akwai, yana cikin mota, motar kuma tana waje. Ƙofar baya fa? Ita ma an haɗa ta da wayar. Tagogi duk ƙarfe. Maƙwabta kowa ya wuce salla. Ga Lurwanu a kan kujera, ya miƙa waya sama yana farautar netiwok, gumi na zuba duk da sanyin esi.

Wayar Malam ta yi ƙara. Ƙaninsa ne, yana cewa dangin ango sun hallara, yana ina?

Malam ya ce, "Ina gidan Saude. An tsare ni."

Ƙanin ya tambayi wa ya tsare shi.

"Ƙofa."

Suna ji a lasifika liman ya gama huɗuba, aka tayar da salla, aka sallame. Malam ya nemi darduma ya yi azahar a falo, Lurwanu ya bi shi a baya kamar marar gaskiya. Suna shafa addu'a ƙofa ta yi ƙit ta buɗe, na'ura ta yi musu barka da zuwa da murya mai daɗi.

Ƙanin ya sake kira ya ce an roƙi liman ya ɗan jira, a yi sauri. Malam na sa takalmi, Saude na tsaye a bayansa kanta a ƙasa, Lurwanu ya ga gara ya wanke kansa kafin a shiga mota.

"Baba, a yi haƙuri, ba fa lalacewa ta yi ba. Irin wannan shi ake kira gida mai hankali. Shi yake tunani da kansa, ya san abin da ya dace."

Malam ya dubi gidan sama da ƙasa, ya dubi Lurwanu.

"Ai da ka faɗa tun farko, da gidan na aura wa Saude."