Rasuwar Mai Tsiwa, Wardin Bakin Famfo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Inna mai keken ɗinki na sanar da 'yan zauren masu wardi na waya rasuwar jar wardinta, wadda aka fi sani da Mai Tsiwa. Ba ciwo ta yi ba. Kashe ta aka yi.

Marigayi maigidan Inna ne ya dasa ta a bokitin fenti, kafin a mayar da ita bakin famfo. Tunda take ba ta taɓa fashin fure ba. Ƙamshinta kan riga baƙo sallama. Duk mai miƙo hannu ta katanga sai ya koma da shaida, kuma har yau Inna na jin "kyat!" ɗin da ƙayarta ke yi in ta kama zanin maƙwabciya mai leƙe.

Laifinta ɗaya, ba ta yin iri. Inna ta sa hotonta a zaure tana neman shawara, shi ne aka yi mata caa. Wannan ya ce juya ce tun asali, wancan ya ce yawan ganyen furenta ne ya toshe ta, wata da ko albasa ba ta taɓa rayawa ba ta ce a tumɓuke. Sai shugaban zaure, mai kiran kansa Likitan Fure, ya ce aure za a yi mata.

Inna ta ɗauka auren da take gani a bidiyon zaure ne, a ɗebo garin wani fure da ɗan buroshi a shafa mata. Ta bar masa ƙofa a buɗe ta tafi kai ɗinki. Ashe auren mangwaro yake nufi. Ta dawo ta tarar an datse Mai Tsiwa har gindi, an tsaga ta, an cusa mata wani siririn reshe mai sunan Turawa, an naɗe da leda. Ango ne ya fara bushewa. Ita kuwa ta yi baƙi daga sama, ta bi shi.

Ta rasu ta bar Inna, da ƙudan zuma da ke zuwa kullum suna kewaya kututture, da 'ya guda. Eh, 'ya. Rassan da Likita ya ce shara zai kai, ɗaya ya kama a gidansa. Kowa ya ga hoton da ya sa shekaranjiya, wai sabon irin da ya ƙirƙiro, har ya raɗa masa sunan matarsa. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san jininta. Kuma matar nan duk an san ta, ba ta da wannan kyan.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bakin famfo. Masu cewa juya su zo su ga juyar da ta haihu. Kada kowa ya kawo fure, kada kowa ya kawo shawara.

Likita kuwa ya zo da marainiyar a tukunyarta, ya ajiye, sannan ya faɗa wa zaure da bakinsa 'yar wace ce. In ya zo hannu rabbana, an keɓe masa kujera a gaba. Inna ta ɗinka mata matashi da kanta, ta cika shi da ƙayar da marigayiya ta bari.